Agogon Matsorata

Allon kwamfutar ya tsaya cak, yatsan Daeng Mattola na kan madanni. Ya sake dannawa. Shiru.

Shekara ashirin yana aikin haɗa layin intanet a birnin Makassar, kuma ba ya gajiya da faɗa wa mutane. Na yau ma wasa ya ɗauke shi. Akwatin da ke rarraba layin intanet a wata makarantar tsibiri, tafiyar awa shida a jirgin ruwa, za a rubuta wa jerin izini daga nan ofis: ɗalibai tamanin su isa ga kwamfutar jarrabawa, a toshe sauran hanyoyi. Ƙarfe tara za a fara jarrabawar. Yanzu takwas da kwata.

Akwatin nan kuwa bai san girma ba. Duk lambar kwamfutar da ba ta cikin jerin, waje yake yi da ita, ko da ta mai rubutun ce. Daeng, don tsabar yarda da kai, ya ɗora jerin tun bai ƙarasa ba. Babu lambarsa a ciki, babu ta jarrabawa; akwatin ya yi waje da kowa, har da shi.

Waya ta yi ƙara. Ibu Rosmini ce, shugabar makarantar.

"Daeng, komai ya ɗauke! Yara sun zauna fa."

"Ibu, cire wa akwatin wuta ki mayar, zai koma yadda yake."

"In cire ta ina? Ba kai ka kulle shi a kabad ɗin ƙarfe har da batirinsa, ka tafi da makulli ba? Wai kada mu yi maka ɓarna."

Ya shafa aljihu. Makullin na nan. Tsoro ya kama shi sosai.

A teburin gefe, Tenri, wadda shekararta uku a ƙarƙashinsa, tana cin gasasshiyar ayaba hankali kwance.

"Daeng, sha kofinka kada ya huce. Saura minti huɗu."

"Minti huɗun me?"

"Kafin ka zauna na shiga na sa masa agogo. In minti goma ya cika ba a soke ba, zai kashe kansa ya tashi da tsohon tsari. Ai ba ka adana sabon naka a cikinsa ba."

Wannan ɗabi'a tata ce yake kira agogon matsorata, a gaban kowa, har da kwaikwayon muryarta.

Suka zuba wa allon ido. Bai taɓa kofin ba. Can sai rubutu ya fara gudana, Ibu Rosmini ta yi ta hamdala a waya.

"Ƙanwata," ya ce wa Tenri, bai dube ta ba, "sake sa mana agogon naki."

"Na matsorata?"

"Sa dai."

Ta miƙo hannu ta sa. Ya gyara zama, ya fara jerin daga farko, a hankali wannan karon. Tenri ta leƙa layin farko, inda ake rubuta wanda ba za a taɓa rufe wa ƙofa ba.

Lambar kwamfutarta ce ya rubuta a wurin.