Filin da Ya Ƙi Rufewa

Karo na huɗu ke nan Malam Kusurwa yana danna maɓallin, karo na huɗu kuma zanen filin da ke fitowa a fuskar sabuwar kalkuletar yana tsayawa baki buɗe. Layi biyar ne, ya kamata na ƙarshe ya dawo ya haɗe da turken farko. Ina! Sai ya kauce, ya bar giɓin da babbar mota za ta wuce.

"Ke dai ba ki da kunya," ya ce wa na'urar, ya tura tabarau goshi.

Shekara talatin da biyu yana aikin safiyo a ofishin nan, har laƙabinsa ya danne sunansa na gaskiya. Makon jiya aka raba musu kalkuleta mai zana taswira, aka manna takarda a ƙofa: duk wanda bai rufe awo da ita a gaban Shugaban sashe ba zuwa yau ƙarfe huɗu, shi da fita fili har abada, sai zaman ɗakin fayil. Malam ya san ɗakin sarai. Ba taga, fanka ɗaya ce, ita ma sai an zungure ta da rula. Abin da ya fi ƙona masa rai, Shugaban nan shi Malam ya koya wa riƙon sandar awo.

Da rana ta yi tsaka ya haɗiye girman kai ya kira babbar 'yarsa, injiniya ce a wani kamfanin gina gadoji. Ta iso da takalmin aiki duk taɓo, ta ja kujera.

"Baba, karanto mini kusurwar farko."

"Digiri arba'in da biyu, minti talatin."

"To me ka shigar?"

"Abin da na faɗa mana! Arba'in da biyu, ɗigo, talatin. Haka nake rubutawa tun ba a haife ki ba."

Ta kama baki tana dariya. "Wayyo Baba! Tsohuwar kalkuletarka ta san halinka, in ta ga ɗigo ta san minti kake nufi. Wannan baƙuwa ce. Kai sittin kake ƙirgawa, ita ɗari. Minti talatin ai rabin digiri ne, amma ka sa ta ɗauka bai kai sulusi ba."

Ta nuna masa wani ɗan maɓalli a gefe, wanda yake ware digiri da minti da sakan. Kunya ta rufe shi, wai shi da ake kira Kusurwa, kusurwa ce ta kayar da shi.

"Tashi ki koma aikinki," ya ce. "Kuma kada uwarki ta ji wannan magana."

"Sai dai ka saye bakina," ta ce, ta fice tana dariya.

Ƙarfe huɗu Shugaba ya shigo, ya miƙa masa takardar wani awon daban, ya je ya zauna a teburin da ke fuskantar nasa. Malam ya shigar da lambobin a hankali. Ya danna. Kafin ƙiftawar ido layukan suka zagayo suka haɗe ƙam, lambar ɗan giɓin da ya rage ta fito a ƙasan zanen.

Ya zaci zai yi murna, sai kewa ta kama shi. Shi ke nan fa? Aikin da a da suke wuni biyu a kansa shi da marigayi Dogo, abokin aikinsa mai teburin da Shugaba ya zauna a kai? Kowa da fensirinsa da littafin lissafin kusurwa da ya sha hannu, an juya wa juna baya, ba mai leƙa na wani. Wanda ya riga gamawa ya kira lambarsa da ƙarfi, ɗayan ya amsa da tasa. In sun saɓa, a yi ta gardama har shayi ya huce. In sun dace, Dogo ya bugi tebur ya ce, "A kafa turke!" Shekara shida ke nan ba a ji wannan murya ba.

Bai san lokacin da bakinsa ya buɗe ba. "Giɓi, santimita uku!"

Malam ya sunkuyar da kai, yana jin kansa tsohon da ya fara magana shi kaɗai.

"Santimita huɗu."

Ya ɗago. Shugaba ne, ya juya masa baya, fensir a hannu, takarda cike da lissafi a gabansa.

"Tun safe nake fama da shi, Malam," ya ce ba tare da ya waiwayo ba. "Hannuna ya yi tsatsa. Wa ya yi kuskure a cikinmu?"

Malam ya goge idonsa da bayan hannu, ya sauko da tabarau.

"Kai ne mana. Tun kana sabon shiga kake mance ragowar sakan."

"To, gobe a mota ka nuna mini. Ƙarfe bakwai za mu fita fili."