Amshin Labaran

Ranar da Dalhatu ya tashi zuwa Kano sayen kayan lasifika, kawunsa Labaran ne ya raka shi tashar Dutsin-Ma. Labaran ɗan amshi ne. Tun yana saurayi yake bayan Sodangi mai waƙar noma, har furfura ta cim musu tare, ga shi tari ya fara cin ƙirjinsa.

Ya ce, "Ɗan nan, an ce akwai akwatin da ke haɗa murya biyu ya zuba cikin rikoda. Shi za ka sayo. In so samu ne in ji kaina ko sau ɗaya kafin ƙasa ta rufe mini ido."

"In Allah ya yarda, Kawu."

A Kano mai kanti ya ajiye masa akwati biyu. Ɗaya yana da ramin makirfo uku, kowane da maɓallinsa, a ɗaga wannan murya a sassauta waccan, sai dai ƙararsa ba ta wuce dandali. Ɗayan rami guda ne tal, amma da aka kunna shi sai da tantabarun kan rufi suka watse. Dalhatu ya tuna Mamuda, abokin gasarsa, wanda in ya kafa lasifika a gidan biki har Makera ake jiyo shi. Ya ce wa ransa ai makirfo ɗaya ya ishi mutum biyu in sun matso. Ya ɗauki mai ƙara.

Alhali ya san ba za su matso ba. Ɗan amshi ba ya jera kafaɗa da ubangidansa, a baya yake tsayawa.

Da damina ta kankama aka kira gayya a Barkiya. Dalhatu ya ɗoro batir a jaki, ya rataye lasifika a jikin gawo, ya miƙa wa Sodangi makirfo. Ganga ta tashi, samari suka duƙa. Dalhatu ya raɓo ya ce, "Kawu, ɗan matso kusa."

Labaran ya dube shi kamar an ce ya shiga masallaci da takalmi. "In jera da maigida? Kai dai yi aikinka."

Ran nan kowa ya yaba ƙarar. Shi kuwa Dalhatu zaren rikoda kawai yake kallo yana juyawa.

Bayan kaka Labaran ya kwanta. Ya aiko a kawo masa waƙar, Dalhatu ya ce batir ya yi sanyi. Ya sake aikowa, Dalhatu ya ce hanya ba kyau. Sai da Rabi matar Labaran ta aiko cewa in zai zo ya zo, sannan ya ɗauki kaya ya nufi Kurfi, garin kawun nasa.

Ya tarar da Sodangi zaune gefen tabarmar, yana yi wa majinyacin fifita. Aka gaisa, aka kunna. Muryar Sodangi ta cika ɗakin. Da aka zo wurin amshi sai ganga da iska, da wata 'yar murya can nesa kamar daga cikin rijiya.

Sodangi ya ce, "Kai Dalhatu, abin nan naka maroƙi ne? Mai babbar riga kaɗai ya sani?"

Dalhatu ya sunkuyar da kai.

Labaran ya ce, "Ƙyale shi, maigida. Ai wurina aka bar mini."

Ya sa Rabi ta tallafo shi zaune. Sodangin cikin rikoda ya kai ƙarshen baiti, Labaran ya ja numfashi ya amsa, "Gero ya san mai gumi." Muryar ta fito siririya, amma daidai kan kiɗa. Baiti na gaba ma ya amsa, tari ya tsare shi, ya share baki ya jira na gaba.

Hannun Dalhatu ya kai kan maɓallin ɗauka, ya tsaya. Rikoda ba ta saurare tana magana. Haka ya bar hannun a wurin, kawunsa yana amsawa, har zaren ya ƙare.