Masara Mai Dabbare-dabbare

Raini mugun ciwo ne, kuma ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Wani manomi ya gaji irin farar masara wajen mahaifinsa. Duk kaka sai ya tsince wadda ƙwayoyinta suka fito dabbare-dabbare, ja da fari, ya cinna mata wuta, wai tana ɓata masa iri.

Ƙanwarsa, autarsu, wadda ke aiki a ɗakin binciken iri, ta tarar da shi ya tara tsibi. Ta ce, "Yaya, wannan ba cuta ba ce. Cikin gadon halittar masara akwai 'yan guntayen da ba sa zama wuri ɗaya, tsalle suke yi. Inda suka sauka launi kan canza, wani lokaci har ƙarfin jure ciwo. Da haka iri ke sabunta kansa."

Ya ce, "Ashe masarar ma yawo ta koya, irin naki. Kwashe ki kai wa kajinki."

Ta kwashe, ta riƙa shukawa a bayan gida kowace damina.

Ana nan ciwon ganye ya shigo gari. Masarar yayan duk jini ɗaya ce, ta kwanta gaba ɗaya. Ta Auta ma ta sha wuya, amma layi biyu suka tsaya kore shar har suka yi goyo. Daga cikinsu ta raba wa maƙwabta iri, kowa ya samu na shuka.

Yayan kuwa ya rasa amfanin gonaki uku, ya sayar da shanun huɗarsa, farin irin mahaifinsa ya ƙare a hannunsa.