Baba Jibrin Bai Samu Izinin Fita Ba

"Tsaya nan, Salissou, numfashina ya ƙare."

Salissou ya zaunar da tsohon a kan matakalar bene, shi ma ya zube gefensa. Daga ofishin kafili suke, Balaraben da ke riƙe da takardun tsohon, kuma amsar dai ta kullum ce: bukra, inshallah, wato sai gobe. Kai, wannan bukra ta ishi Salissou!

Ɗakunansu na kallon juna a wani tsohon gida a unguwar Jaradiya, cikin birnin Riyad na Saudiyya. Salissou direban tankar ruwa ne daga Maraɗi. Baba Jibrin kuwa Bazazzagi ne, Kirista, abin da ba kowa ya sani ba a gidan. Yana matashi cocinsu ya tura shi ƙasar Sin aikin mishan, aka ce ya binciko yadda mutanen can ke tafiyar da gidajen ibadarsu. Ya yi shekaru yana bi haikali-haikali, har Sinanci ya zauna a bakinsa. Da girma ya zo, wani kamfanin gine-gine na Sinawa ya kawo shi Riyad tafinta. Aiki ya ƙare, Sinawa suka tattara nasu ya nasu, fasfonsa ya maƙale a hannun kafili, igama, takardar izinin zama, ta mutu. Ga ciwon zuciya, ga ba damar fita.

Da ƙyar suka kai ɗaki. Bangon cike yake da hotunan gidaje masu jan rufi. Tsohon ya nuna wani da ɗan yatsa.

"Ka ga wannan? Duk yawona ba wanda ya taɓa mini zuciya kamarsa. In Basine ya mutu a baƙon wuri, nan ake ajiye akwatin gawarsa, ko shekara nawa ne, har a samu mai kai shi garinsu. Na je in koya musu addini, na dawo ina jin kunya."

"Ikon Allah," in ji Salissou.

"Ka yi mini alkawari, ɗana. Kusa da matata, uwar Balaraba, nake so in kwanta. Kada a rufe ni a nan."

"Haba Baba! Da ƙafarka za ka hau jirgi."

"Ka dai yi."

Salissou ya yi alkawarin, ko da yake ya san shi ma nasa fasfon yana aljihun wani.

Wata Alhamis bayan la'asar ya kawo masa kunu, ya yi sallama, shiru. Ya tura ƙofa, ya same shi zaune a bakin gado, sanye da takalmi, kansa jingine da bango, rai ya yi halinsa. Salissou ya ajiye kwanon ya fashe da kuka kamar yaro.

Kafin ka ce me, Hausawan unguwa sun cika benen. Sun ji Jibrin, sun ji Zariya, ba wanda ya yi tambaya. Musbahu, wani ɗalibin jami'a, har ya sayo likkafani, yana neman masu wanka.

"Malam Musbahu, dakata," Salissou ya ce. "Baba Kirista ne. Kuma gida ya ce a kai shi."

Musbahu ya dubi farin ƙyallen da ke hannunsa, ya ninke shi a hankali.

"To, maƙwabci dai maƙwabci ne. Kama mu saukar da shi."

Ashe gawa ma sai kafili ya sa hannu take fita. Kafili kuwa an ce ya yi tafiya, bai ce ga ranar dawowa ba. Aka sa Baba Jibrin a firjin asibiti, makonni suka yi ta wucewa. Balaraba, 'yar marigayin, kullum sai ta kira daga Zariya.

"Yaya Salissou, an haƙa kabarin tuni. Ruwan sama ya fara cika shi. Me zan ce wa mutane?"

Me zai ce mata? Rannan dai ya ajiye tanka, ya tafi asibiti, ya roƙi mai gadin ɗakin gawa, wani Ba'indiye, ya bar shi ya shiga. Mutumin ya nuna masa wata ƙofar ƙarfe a layin ƙasa. Salissou ya buga wa Balaraba waya.

"Balaraba, ga ni gaban Baba. Ki yi masa magana."

Sai ta ɗauko wata waƙar coci da Hausa, tana yi tana shessheƙa. Salissou ya tuna ƙasar da yake, ya waiga, ya rage ƙarar wayar. Mai gadi ya juya baya yana gyara hularsa.

Salissou ya durƙusa, ya manna wayar a jikin ƙarfen. Sanyi ya kama masa yatsu, amma bai ɗauke hannu ba sai da ta kai ƙarshe.