Fentin Ɗakin Umma

Auta ce ta fara isowa da jakar aikinta a kafaɗa, kuma tun daga tsakar gida warin fenti ya tare ta. Ta ɗaga labule ta tsaya cak. Ɗakin mahaifiyarta, wanda ta bari kwana shida da suka wuce da bango a koɗe, duk tabo da sawun yoyon ruwa, yau ya koma fari fat. An sauya labulen taga, an shimfiɗa sabuwar leda, tsohuwar kalandar da ke rataye kuwa babu ita babu labarinta.

Su biyar ne kacal a kamfaninsu na shirya fim, ofishinsu wani ɗan shago ne a saman teloli. Aikin Auta shi ne ta hana komai motsawa tsakanin ɗauka da ɗauka. Idan jarumi ya ajiye kofi a damarsa ranar Litinin, to a damar za a same shi ranar Lahadi, domin a cikin fim ƙiftawar ido ce tsakanin ranakun biyu. Ba a taɓa yaba mata kan wannan aiki ba, amma ranar da maɓallin riga ɗaya ya sauya, kowa ya san sunanta.

Ita da bakinta ta kawo shawarar a yi amfani da ɗakin Umma a matsayin ɗakin tsohon direban da fim ɗin ke ba da labarinsa. Fitowa tara aka ɗauka a ciki. Ta goma, wadda ita ce ƙarshen fim ɗin, an kai rabinta wuta ta ɗauke: direba ya zauna a bakin gado, ya buɗe wasiƙa, sai aka tsaya. Yau za a ƙarasa, kuma yau ɗin ce kaɗai, don gobe da safe Jarumi, mai fitowa a matsayin direban, zai wuce wani aikin na wata huɗu. In ba a ɗauka yau ba, fim ba shi da ƙarshe, kuma kowa ya san wanda za a nuna da yatsa.

Umma ta fito daga kicin sanye da zanenta na fita unguwa, tana murmushi, da farin fenti a gefen farcenta. Ta ce ita kaɗai ta yi, kwana uku, da tsanin maƙwabta. Ta tsaya tana jiran a ce sannu da aiki.

Ana cikin haka, motar kayan aikinsu ta tsaya. Darakta ya shigo da sallama, ya leƙa ɗakin, ya fito, ya sake leƙawa, ko ƙofar ce ya ɓata. Mutum ne mai ihu a kan abin da bai kai ya kawo ba, amma ina bakin yi wa uwar wani ihu a gidanta? Sai ya durƙusa ya gaishe ta, ya tambayi ƙafarta, ya ce fenti ya yi kyau ƙwarai, yana maganar yana kallon Auta kamar zai haɗiye ta ɗanya.

Nan fa shawarwari suka ɓarke. Mai Kyamara ya ce a matso da hoto kan fuskar Jarumi kawai, Darakta ya tambaye shi ko kunnuwan ma za a yanke. Aka buga wa Mai Tace Hoto waya ko zai iya mayar da bangon a kwamfuta, ya ce su riƙa jin tsoron Allah, ya kashe. Jarumi, da ya riga ya shafa furfurarsa ta hoda, ya ce ai sai a nuna direban ya ajiye wasiƙar, ya tashi ya fente ɗakinsa tsaf, sannan ya dawo ya ci gaba da karatu. Shi kaɗai ya yi dariya. Mai Sauti dai ya sa abin kunnensa ya koma gindin mota, don shi bango ba ya cikin aikinsa.

Takaici ya cika Auta har wuya. Ta ja Umma kicin ta turo ƙofa. Sau nawa ta faɗa? Sau uku, har da rubutawa a takarda ta manna a jikin ƙofa, cewa kada a taɓa komai. Umma ta ce ai kofinsu na nan inda suka bar shi, wasiƙar ma tana nan, ko ƙurar kansu ba ta goge ba. Auta ta ce wallahi an kashe ta, an zubar mata da mutunci a gaban abokan aiki, aikin wata biyar zai tafi a banza saboda gwangwanin fenti ɗaya. Ta faɗi da yawa, har da waɗanda ba a faɗa wa uwa.

Umma ta bari sai da ta gama.

"Ranar da kuka fara zuwa ina nan ina tafasa muku ruwa," in ji ta. "Na ji mai gidan naku ya ce wa mai hoto, dubi ɗakin nan, talauci ne tsagwaronsa, ba sai mun ƙara komai ba. Ke kuma kika yi dariya, kika ce ai kin faɗa musu. Shekara talatin da ɗaya ina share ɗakin nan, Auta. Ban san haka yake ba sai a bakinku."

Auta ta tuna dariyar sarai. Kunya ta rufe ta, ga haushin bai tafi ba, ga agogo yana tafiya, don hasken tagar nan ƙarfe huɗu yake juyawa. Ta buɗe baki za ta ba da haƙuri, Darakta ya ƙwanƙwasa ƙofa yana tambaya ko an fasa fim ɗin ne a sallami mutane.

Hanya ɗaya ta rage, kuma ta san ta, don sana'arta ce. Kusurwar bayan gado kaɗai kyamara za ta gani. Ta dafa baƙin shayi mai kauri a tukunya, ta tankaɗe toka, ta tono tsohon labule da kalandar daga buhun da aka cusa su, ta naɗe sabuwar leda. Sannan ta ɗauki soso ta shiga ɓata bangon da uwarta ta kwana uku tana gyarawa, wayarta a hannun hagu tana duba hotunan da ta ɗauka a makon jiya. Umma na tsaye a bakin ƙofa, hannu a bayanta, tana kallo.

Wajen ƙarfe uku Mai Kyamara ya gwada sabon hoton da tsohon, ya ce saura kaɗan. Akwai wani baƙin tabo a saman gado, a tsohon hoton kafaɗar Jarumi ta tare rabinsa. Auta ta sa shi, ya ce ya yi ƙasa. Ta goge ta ɗaga, ya ce ya yi faɗi. Darakta ya fara huci yana duba agogo.

Sai Umma ta shigo ta karɓi soson. Ta ce ba shayi ba ne wannan, a miƙo mata man gashi daga kan taga. Ta hau gadon ta jingina da bango, ta ɗora tafin hannu a saman kanta ta auna, don marigayi mijinta ya fi ta tsayi da tafi ɗaya. A nan yake jingina kansa, shekara biyun da ya yi yana jinya. Ta lakaci man, ta haɗa da toka, ta murza a hankali, ta ɗan karkatar da shi wajen taga, inda yake juyawa ya kalli waje.

Mai Kyamara ya leƙa ya ce ya zauna daram. Darakta ya tafa hannu ya ce kowa ya koma wurinsa, har ya yi wa Umma kirari da babbar ma'aikaciya.

Auta ta bi ta tsakar gida, inda take wanke hannu a bakin famfo. Ta ce gobe da kanta za ta sake fente ɗakin, amma wannan wurin za ta zagaye shi, ta bar mata.

"Shafe abinki duka," in ji Umma, ba ta ɗago ba. "Wannan na fim ne. Nasa yana ƙarƙashi, ni na rufe shi da hannuna ranar Alhamis."

Daga ciki Darakta ya ƙwala wa Auta kira, wai kofin nan a dama yake ko a hagu. Ta goge idonta da bayan hannu, ta ce a dama, ta koma ciki.