Kujerar Birki

Matar ƙanena ce ta fara gaya mini a waya, murya ƙasa-ƙasa kamar mai sanar da rasuwa: wai ciwon ya hau masa kai. Hujjarta ita ce, a majalisar nan ta wasa da suke yi a intanet, ana ba shi dama ya yi magana sai ya yi tsit, har 'yan majalisar sun gaji za su karɓe kujerarsa. Ba a jima ba mai kemis ɗin layinsu ma ya ɗauki maganar, yana cewa dama haka shanyewar ɓarin jiki take, ta ci hannu, ta ci ƙafa, ta ƙarasa da hankali. Ban san a wace makaranta ya karanto wannan ba. Na ɗauki jakata na tafi.

Ƙanena malamin tuƙi ne kafin ya kwanta, mutumin da ya ci abinci da bakinsa, kullum cikin yi wa masu koyo ihu su taka birki. Ciwon ya ɗauke masa hannun dama, ya nauyaya masa harshe, har ya daina zama a ƙofar gida don ya gaji da masu ƙarasa masa magana. Babban ɗansa ne ya shigar da shi wasan, ya sa masa suna Birki. Ƙasa ce ta ƙarya da jam'iyyu na ƙarya, mutanen da ba su taɓa haɗuwa ba suna muhawara a rubuce. A can babu mai jin nauyin harshensa. Ya tsaya zaɓe ya ci kujera, ranar har aski ya sa aka yi masa.

Na same shi a falo kusa da taga, wayar jingine da kofi a kan ƙaramin tebur.

"Yaya... zauna... ki gani," ya ce.

Kafin a buɗe zama na karanta dokokin majalisar. Wanda ya rubuta su ya yi karatu, ban ga aibu ba. Ba a manno jawabin da aka shirya a gefe, sai dai ka rubuta nan take. Batun ƙa'ida yana gaba da kowace magana, da an tayar da shi akwatin rubutun mai jawabi zai rufe, abin da bai aika ba ya goge. Wanda kuma zango ya ƙare bai yi jawabi ko ɗaya ba, ya rasa kujerarsa. Zaman ranar shi ne na ƙarshe a zangon.

Ƙudirinsa a kan gwada idon direbobin bas ne. Ya gaya mini shi da baki, a hankali, babu inda ya kauce.

Kakaki ya rubuto: "Ɗan majalisa Birki, fili naka ne."

Ya sa yatsan hagu ya fara, harafi bayan harafi, yana cizon leɓe. Layi ya cika, wani ya biyo. Yatsan ya nufi wurin aikawa.

"Batun ƙa'ida, mai girma Kakaki!" Wani ne da ake kira Bulaliya. "Ɗan majalisar yana nan kuwa, ko ya zagaya bayan gida?"

Rubutun ya goge. Fuskokin dariya suka yi ta hawa allo. Kakaki ya ce batun ba shi da tushe, Birki ya ci gaba.

Ya sake farawa daga "Mai girma". Na ce ya ba ni in rubuta masa, ya janye wayar da gwiwar hannu. Wannan karon ya taƙaita. Yatsan ya sake nufar wurin aikawa.

"Batun ƙa'ida! Ko a aika masa makaniki ne? Motar ta ƙi tashi."

Wani ya ƙara: "A turo masa da jikansa ya taya shi."

A nan na tsaya. Wasan ba ya nuna wa kowa inda mai rubutu ya kai. Amma Bulaliya bai taɓa katse shi a farko ko a tsakiya ba, sai daidai lokacin da yatsan ya ɗaga. Na cire tabarau na duba ɗakin. Labule a sauke yake, matarsa tana kicin. Ƙofar ɗakin babban ɗansa kuwa a ɗan buɗe take, tana fuskantar kujerar uban.

Na tura ta. Yana kwance a kan katifa, ya tada kai da filo, waya a ƙirji, ido a kan falo.

"Gwaggo, ko sallama babu?"

"Kai ne Bulaliya?"

Ko tashi bai yi ba. "Wasa ne fa, Gwaggo. Ke ma kin ɗauka da zafi kamar shi?"

"Uban naka?"

"A can ba ubana ba ne, ɗan adawa ne. Kujerarsa kaɗai ta hana mu rinjaye. Na ce ya dawo jam'iyyarmu, ya ce shi ba ya sauya sheƙa. Ki duba dokokin, tun da ke 'yar boko ce, ki nuna mini wadda muka karya."

Babu wadda suka karya. Na kai hannu in fizge wayar, ya ɗaga ta sama yana dariya, yadda ake yi wa ƙaramin yaro. Ya leƙa ta gefen kafaɗata.

"Matsa kaɗan, Gwaggo, kin tare ni."

Ban matsa ba. Sai ya ɗaga kafaɗa ya danna wani abu dabam: ƙudirin rufe muhawara. Nan take wani ya mara masa baya, aka kaɗa ƙuri'a. Kafin in koma falo Kakaki ya buga sanda ya rufe zango, ya sanar cewa kujerar Birki babu kowa a kanta.

Ƙanena yana nan yadda na bar shi, yatsan a kan allon da ya daina amsa masa. Gumi ya jiƙa wuyan rigarsa. Bai tambaye ni abin da na gani a ɗakin ba. Ya jawo gefen mayafina, na sunkuya.

"Kar ki... gaya wa... uwarsa."

Matarsa ta fito daga kicin tana goge hannu. Ta dubi wayar, ta dube shi, ta girgiza kai.

"Kin gani da idonki ko, Yaya? Haka yake yi kullum. Gara da suka cire shi, ya huta." Ta ɗauke wayar ta sa a aljihun zanenta, ta ƙwala wa ɗanta kira ya zo ya kama baban zuwa ɗaki. Ya fito ya kama shi da kyau, har yana cewa, "Sannu Baba, a hankali."

Hankalin ƙanena lafiya lau yake. Ɗansa ne ya raba shi da kujerar, kuma daga roƙon da ya yi mini na gane ya san haka tun farkon zangon.