Biskit a Hannu Mai Rawa

Graeme yana durƙushe a bayan rumfar shayi, yana ɗaure bututun tukunyar ruwan zafi da ya fara yoyo, sai ya ji an ja masa gefen kwat.

"Tashi, ina da magana da kai," in ji Noeline.

Ya miƙe yana goge hannu. Noeline matar Alastair ce, tsohon maigidansa wanda ya koya masa gyaran famfo shekara goma sha ɗaya. Ta sha baƙar riga mai faɗi irin ta zamanin kakanni, da 'yar hula da aka jera wa kayan cikin tsohon agogo. Asabar ɗin bikin tunawa da zamanin injin tururi ce, garin kaf ya yi shigar mutanen da. Mai kantin magani yana yawo da fukafukan tagulla a baya, direban motar kwasar shara ya zama matuƙin jirgin sama na kwali. Iskar teku mai sanyi tana shigowa ta ƙofar tsohon siton ulu inda ake taron.

"Kai da shi ne a wasan ƙarshe na gasar biskit."

"Na sani, Mama. Ƙarfe uku."

"Ka bar masa."

Graeme ya yi dariya, sai ya ga ita ba ta yi ba.

"Hannunsa na dama rawa yake yi," ta ce da murya ƙasa-ƙasa. "Tun watan Maris likita ya gaya mana sunan ciwon, kuma ba warkewa ake yi ba. Ka ga ƙarfen nan da ya ɗaura daga gwiwar hannu zuwa yatsu? Wata uku ya yi yana ƙera shi a ɗakin aikinsa. Kowa yana cewa ado ne. Ba ado ba ne, shi ke riƙe masa hannun. Bana ce tasa ta ƙarshe, Graeme. Bai san na zo ba, in kuwa ka gaya masa, ba ni ba kai."

Ta juya ta shige cikin mutane kafin ya buɗe baki.

Gasar tsoma biskit ba ta da wuyar ganewa. Mutum biyu za su zauna suna fuskantar juna, kowa ya tsoma biskit ɗinsa a shayi mai zafi har a ƙirga biyar, sannan ya ɗaga shi tsaye ya riƙe. Wanda nasa ya karye ya faɗi, ya fita. Wanda ya ji tsoro ya riga kai nasa baki, shi ma an cinye shi, muddin ɗayan ya ci nasa lafiya daga baya. Alastair ya ɗauki kofin gasar sau shida, har da na bara. Zakaran bara ba ya wasan share fage, zama yake yi ya jira wanda ya fito, kuma bana Graeme ne ya kayar da mutum huɗu ya fito.

Faɗuwa da gangan kuwa babu abin da ya fi ta sauƙi. Ka yi kamar ka tsorata, ka jefa biskit a baki da wuri, shi ke nan.

Graeme ya fita waje yana juya maganar. A tsakar titi ana tseren butocin shayi masu ƙafafun mota, kowa yana tuƙa tasa daga nesa, wata buta mai kan dorina ta kife a kan 'yar gadar da aka kafa don tseren, mutane suka fashe da shewa. Bai tsaya ba. Yana tunanin cewa abin da ake roƙonsa alheri ne, kuma ƙarya ce, ya rasa ta inda zai raba su. Mutumin da za a yi wa ƙaryar shi ne wanda ya taɓa sa shi ya fasa bangon wani gida ya sake haɗa bututun da ba mai gani har abada, don kawai ya ɗan karkace.

Ya iske Alastair a gaban rumfar abinci, da doguwar hula da gashin baki da aka murɗe da kakin zuma, yana cin gasasshen burodi mai cuku da hannun hagu. Hannun daman yana cikin ƙarfen: sanduna biyu na tagulla, maɗaurai na fata, kowane kusa ya zauna daidai. Graeme ya kalli aikin. Ko a tsufa babu mai haɗa ƙarfe kamar mutumin nan.

"Ga mai neman kujerar ubansa!" in ji Alastair. "Yaro, ka ci abinci kuwa? Kada ka faɗi ka ce yunwa ce."

"Maigida, shekarata hamsin da biyu, har yanzu yaro?"

"Ranar da ka iya ɗaure famfo bai yi yoyo ba, zan sake maka suna."

Ƙarfe uku aka cika siton. Marama mai shagon ɗinki ce alƙaliya, ana kiranta Uwar Shayi, tana riƙe da ƙararrawa da agogon aljihu. Aka zuba shayi a kofi biyu, tururi yana tashi. Aka kawo biskit a faranti, kowa ya zaɓi ɗaya. Noeline tana layin gaba, ta haɗa hannuwa a cinya. Graeme ya riga ya yanke shawara: zai bari a ɗan jima, sannan ya ci nasa.

"Uwar Shayi, dakata," in ji Alastair.

Ya ɗora hannun dama a kan tebur, ya fara kwance maɗauran da hagu, ɗaya bayan ɗaya. Abin ya ɗauki lokaci, ba wanda ya yi motsi.

"Wannan ba ado ba ne," ya ce da ƙarfi yadda na baya za su ji. "Hannuna ya fara rawa, shi ke riƙe shi. Don yau na ƙera shi. Amma da na zauna na ga yaron nan da hannunsa tsirara, sai na ji kunya. Ajiye mini shi can."

Marama ta karɓa ta ajiye a ƙarƙashin tebur. Hannun ya fito fili, fari, siriri, babban yatsa yana ta kaɗawa shi kaɗai.

"Baba Alastair, doka ba ta hana ka yi da hagu ba," ta ce a hankali.

"Da hannun dama na ci shida. Buga ƙararrawarki, 'yata, shayi yana hucewa."

A nan shawarar Graeme ta rushe. Mutumin da ya ƙi taimakon ƙarfen da ya ƙera da kansa, ba za a ba shi sadakar nasara a ɓoye ba. Bai kalli wajen Noeline ba. Ya gyara zama, ya kama biskit ɗinsa da niyyar ya ci gasar.

"A tsoma! Ɗaya. Biyu. Uku. Huɗu. Biyar. A ɗaga!"

Biskit biyu suka tashi, jiƙaƙƙu, suna tururi. Na Graeme yana tsaye cak. Na Alastair yana lilo kamar kara a iska, har wata mata ta rufe ido. Amma tsohon bai yi kokawa da hannun ba. Ya sassauta riƙo, ya kafa gwiwar hannu a ƙirji, ya bar kafaɗarsa da duk jikinsa suna bin rawar, kamar mai tsayuwa a kwalekwale. Gumi ya keto masa ƙarƙashin hula a wannan sanyin. Idonsa yana kan Graeme, har da ɗan murmushi.

Graeme ya ƙara matse nasa. Ya san na tsohon ba zai kai ƙirga goma ba. Ya ƙirga goma a zuci, ya ƙirga ashirin. Sai ya ji wani laushi tsakanin yatsunsa, kafin ya sunkuya biskit ɗin ya lanƙwashe, rabi ya faɗa masa a cinya.

Alastair bai yi gaggawa ba. Ya kawo kansa wajen hannun maimakon ya kai hannun baki, ya haɗiye nasa gaba ɗaya, ya buɗe baki ya nuna wa Marama.

Siton ya ɗauka da ihu, ana buga ƙafa a katako, huluna suna tashi sama. Alastair ya miƙo hannun mai rawa ta kan tebur, Graeme ya kama.

"Matsewa ka yi da yawa," in ji tsohon. "Abu mai laushi ba a shaƙe shi. Je ka goge wandonka."

Mutane suka kewaye Alastair da kofinsa. Graeme ya koma gefe yana kankare biskit daga cinya, sai ga Noeline. Idonta ya yi ja. Ta kama hannunsa da nata biyu.

"Na gode, ɗana. Ka iya sosai, ko ni sai da na ɗauka gaskiya ne."

Da ya yi shiru, da ta tafi gida tana ganin kirkinsa. Amma da ta ci gaba da kallon kofin nan a kan kantar ɗaki tana cewa kyauta ce aka ba mijinta.

"Mama, ban yi abin da kika ce ba," ya ce. "Da ya cire ƙarfen nan na fasa. Da gaske na so in kayar da shi, iya ƙarfina na yi."

Ta saki hannunsa. Fuskarta ta ɗaure, kamar za ta yi faɗa.

"Wato ka ƙi ni."

"Na ƙi ki."

Ta daɗe tana kallonsa, tana neman alamar ƙarya. Sannan ta juya wajen da mijinta yake tsaye a tsakiyar jama'a, ya rungume kofin a ƙirji don kada ya suɓuce.

"Shi ya ci?" ta ce. "Da kansa?"

"Da kansa."

Noeline ta gyara hularta, ta tattare gefen rigarta, ta kutsa cikin mutane tana cewa a ba ta hanya.